Gudun kilomita 42 ga ma'aikaci mai ƙananan yara: yadda za ka tsara makonni 16

Tun 2016 ake yin tseren fanfalaki na birnin Legas, galibi a watan Fabrairu. A shekarun baya akan tashi daga babban filin wasa na Surulere, a bi ta gadar Third Mainland, a ƙare a Eko Atlantic, kilomita 42 da mita 195 cif. 'Yan Kenya da Habasha ne kan kwashe manyan kyaututtuka, amma a bayansu akwai dubban mutane da ba gudu ne sana'arsu ba: ma'aikatan ofis, malaman makaranta, 'yan kasuwa. Wannan jagora na irinsu ne, musamman wanda ke zaune a Arewa, zai tafi aiki ƙarfe takwas, ga ɗan shekara huɗu ga na goye a gida, kuma yana son ya kai ƙarshen tseren da ƙafafunsa ba tare da gidansa ya hargitse ba.

Jadawalin atisayen da ke yawo a intanet an rubuta shi ne kamar mai gudun ba shi da kowa. Kai kuwa duk awar da ka yi a titi, wani ne ya riƙe maka yara. Saboda haka daga cikin gida ake fara tsarin, lissafin kilomita ya biyo baya.

Mataki na farko: tabbatar lokacinka ya yi

Makonni 16 suna isa ne ga wanda ya riga ya saba, wato yana iya kilomita 10 ba tsayawa, kuma ya yi wata biyu ko uku yana haɗa kilomita 25 zuwa 30 a mako. In ba ka kai nan ba, nemi tseren kilomita 10 tukuna. Na Legas ma yana da wannan rukunin, ga kuma na Okpekpe a jihar Edo da akan yi wajen watan Mayu. Je a auna maka jini kafin ka fara. Mai hawan jini, ciwon sukari ko asma, da wanda ya taɓa jin ciwon ƙirji ko jiri in ya yi aikin ƙarfi, sai da izinin likita. In kuma jaririnku bai cika wata shida ba, shawarata ka bar shekarar ta wuce. Tseren zai dawo baɗi.

Mataki na biyu: zama da uwargida

Wannan ne matakin da aka fi tsallakewa, kuma shi ne ke rusa shiri a mako na bakwai ko na takwas, lokacin da gudun ƙarshen mako ya fara cin awa biyu da rabi. Kada ka ce mata kawai "zan riƙa ɗan motsa jiki". Faɗa mata gaskiyar lissafin: awa biyar zuwa shida na gudu a mako, ga wanka, ga sauya kaya, ga gajiyar da za ka dawo da ita. A zahiri abin ya kusa awa takwas. Ɗauko kalanda, ku zauna bayan yara sun yi barci.

"Uwargida, daga tsakiyar Oktoba zuwa Fabrairu ina son safiya huɗu a mako. Uku gajeru ne, kafin bakwai na dawo. Ta Asabar ce doguwa. Me kike so a madadinta?"

"To Baban yara, Asabar daga azahar yaran naka ne har magariba. Ni ma ina da inda nake son zuwa. Kuma ranar da ka yi gudu ba ranar kwanciya ba ce."

Sharaɗinta na ƙarshe shi ne mai wuyar cikawa. Magidanci ya dawo daga kilomita 28, ya yi wanka, ya ci ɗumame, ya miƙe a kujera har la'asar yana cewa a yi masa shiru. A lissafinsa awa uku ya ɗauka, a lissafinta yini guda. Abin kamar adashi ne, wanda ya kwasa yau dole ya zuba gobe, in ba haka ba tafiyar ba ta nisa. Ka zuba naka da abin da ake gani: wankan yara da daddare, kai su makaranta, cefanen mako, tashi da jariri a daren da washegari ba ka da gudu.

A wannan zaman ku fitar da ranakun da ba a taɓawa: ɗaurin auren ƙanwarta, sunan gidan yayanka, ranar rigakafin jariri, jarrabawar makaranta. Ku kuma yi maganar kuɗi tun yanzu, domin takalmi, kuɗin mota ko jirgi zuwa Legas da masauki duk daga albashin gida za su fito. In akwai kaka, ƙanwa ko 'yar aiki da za ta taimaka, a tambaye ta da girmamawa, a sa mata rana tsayayya, kada a mayar da alherinta wajibi.

Mataki na uku: nemo gurbin gudu a cikin yininka

Ga mafi yawanmu gurbin ɗaya ne, tsakanin sallar asuba da shirin makaranta. A Disamba da Janairu, a Kano ko Kaduna, ana kiran asuba wajen biyar da rabi, rana ta fito kusan bakwai saura. Kana da minti 45 zuwa 50, kuma sun isa in ba ka ɓata su wajen neman safa ba. Tun da daddare ka ajiye riga, wando, safa da takalmi a falo ko a zaure, nesa da ɗakin da jariri yake, don ƙarar buɗe durowa kaɗai ta isa ta tashe shi, in kuwa ya tashi gudun ya tashi. Ka tafi masallaci da wandon gudu a ƙarƙashin jallabiya, kana dawowa ka tuɓe ta ka fita.

Duhu na da nasa sharuɗɗa. Sa riga mai haske, ka bi gefen da kake fuskantar motoci, ka bar abin sa wa a kunne a gida. Gaisa da maigadi da 'yan sintirin unguwa su san fuskarka, don mutumin da ke gudu cikin duhu ba kullum ake yi masa kyakkyawan zato ba. Zagayen kilomita biyu ko uku kusa da gida ya fi doguwar hanya mai nisa: in aka kira ka cewa yaro na amai, minti goma ka iso. Inda akwai filin wasa, filin sukuwa ko harabar jami'a da ake barin mutane su shiga, nan ya fi kwanciyar hankali.

Gudun yamma ba na ba da shawararsa ga mai ƙananan yara. Daga la'asar zuwa isha'i ne gida ya fi buƙatar hannu biyu, kuma a nan ne oga kan tsayar da kai, ko cunkoson hanya ya cinye lokacin. Sai dai in wurin aikinka na da wurin wanka, to kana iya dawowa gida da gudu sau ɗaya a mako, ka bar jaka a ofis. Wannan awar ba ka karɓe ta daga kowa ba, daga a-daidaita-sahu ka karɓe ta.

Mataki na huɗu: siffar mako

Gudu huɗu, hutu biyu, rana ɗaya ta ƙarfafa jiki. Misali: Litinin hutu, Talata gudun sauri, Laraba sassarfa, Alhamis ƙarfafa jiki a gida, Juma'a sassarfa gajera, Asabar dogon gudu, Lahadi hutu da iyali.

Masanin motsa jiki Stephen Seiler, wanda ya daɗe yana nazarin manyan 'yan wasan juriya a Norway, ya nuna cewa kusan kashi 80 cikin 100 na atisayensu a hankali suke yi, kashi 20 ne kawai mai tsanani. Mai ƙarancin lokaci yakan juya wannan lissafin. Yana ganin tunda minti 45 kawai gare shi, dole ya fita yana haki daga farko har ƙarshe. Sakamakon shi ne gajiyar da ba ta sakinsa, ya je ofis yana gyangyaɗi, ya dawo gida yana yi wa yara tsawa. Ma'aunin sassarfa mai sauƙi ne: in ba za ka iya hira da na kusa da kai da cikakkun jimloli ba, ka yi sauri da yawa.

Ranar Talata ce kawai ta wahala. Minti 10 na ɗumama jiki, sannan minti uku da ƙarfi, minti biyu sassarfa, sau biyar ko shida, sai minti 10 na hucewa. Wani makon ka sauya da minti 20 a jere a saurin da za ka iya furta kalma biyu ko uku kawai. Ranar Alhamis kuwa minti 20 a tsakar gida sun isa: tsuguno da miƙewa, ɗage dunduniya a bakin dakali don sharaɓa da agara, hawa da sauka a kan benci, dafa ƙasa a riƙe jiki a miƙe. Wannan kam da yara ake yi. Ɗan shekara uku zai hau bayanka ko ka so ko ka ƙi, ka ɗauke shi a matsayin ƙarin nauyi.

Kada ka raina wannan tsarin don kana aiki. Yuki Kawauchi na Japan ma'aikacin gwamnati ne a ofishin wata makaranta lokacin da ya ci tseren Boston a 2018, a gaban waɗanda gudu ne abincinsu.

Mataki na biyar: dogon gudu

Shi ne ƙashin bayan shirin. In mako ya rikice har abu ɗaya kawai za ka iya cetowa, ceci wannan. Fara da kilomita 14, ka riƙa ƙara biyu duk mako, amma kowane mako na huɗu ka sauko: 14, 16, 18, 12, sannan 20, 22, 24, 16, sannan 26, 28, 30, 20, sai 32 saura mako uku tsere. Kada ka wuce awa uku ko awa uku da kwata ko da kilomitan ba su cika ba, domin abin da za ka ƙaru da shi bayan nan bai kai kwanakin da za ka yi kana ɗingishi ba.

Daidaita shi da rayuwar gidan. In manyan yaran na zuwa Islamiyya safiyar Asabar da Lahadi, ka fita da asuba, ka dawo kafin a taso su, kai ne mai ɗauko su. In Asabar ɗin ta ɗaurin aure ce, mayar da shi Lahadi. A Kano ka tuna da tsaftar muhalli ta Asabar ɗin ƙarshen wata, da ake taƙaita zirga-zirga da safe. Ranar da ba wanda zai riƙe yara awa uku a jere, raba shi biyu: awa ɗaya da rabi da asuba, awa ɗaya bayan isha'i. Bai kai na jere amfani ba, amma ya fi babu, kuma kada ka yi haka da dogayen biyu na ƙarshe.

A dogon gudu ne ake koyon ci da sha. Da zarar gudu ya wuce minti 75 ko 90, jiki na buƙatar giram 30 zuwa 60 na abinci mai sukari ko sitaci a kowace awa. Ba sai ka sayi na kanti mai tsada ba. Dabino biyar ko shida da aka cire wa ƙwallo, ko ayaba ɗaya da dabino biyu, sun biya buƙatar awa guda. Ajiye gorar ruwa a wurin maigadi ko mai shayin da ke kan zagayenka. Auna nauyinka kafin ka fita da bayan ka dawo: duk kilo ɗaya da ya ragu kusan lita ɗaya ce ta zufa. Ka mayar da ita sannu a hankali, har da ruwan gishiri da sukari irin wanda ake haɗa wa yara, wato lita ɗaya ta ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Cikin awa guda da dawowa ka ci abinci sosai, koko da ƙosai, ɗumamen tuwo, ƙwai da burodi, ko fura da nono.

Mataki na shida: barci, da makon da komai ya watse

Jiki ba a titi yake ƙara ƙarfi ba, a kan katifa ne. Babban mutum na buƙatar aƙalla awa bakwai, mai tashi biyar da kwata kuwa ke nan goma ta same shi a kwance. Abin da zai tafi shi ne hirar majalisa bayan isha'i, ƙwallon Turai na dare da latsa waya a gado. Zaɓi wasa ɗaya a mako ka haƙura da sauran. Ranar hutu, ƙailula ta minti 20 tare da yara bayan azahar riba ce.

Amma yaro zai yi zazzaɓi, jariri zai yi haƙori, oga zai turo ka Abuja ba shiri. Sa wa kanka ƙa'idoji tun kafin abin ya zo, don da asuba cikin magagi ba a yanke hukunci mai kyau. In barcinka bai kai awa biyar ba, gudun sauri ya koma sassarfar minti 30, ko ka koma ka kwanta. In kana da zazzaɓi, ba gudu sam, musamman na cizon sauro, sai ka gama shan magani, ƙarfinka ya dawo, sannan ka fara da kaɗan. Mura da ta tsaya a hanci ba ta hana sassarfa, amma in ta sauka ƙirji a dakata. Ciwon da ya sa ka sauya takunka, ko ya tsaya wuri ɗaya a kan ƙashin ƙauri, na ganin likita ne.

Babbar ƙa'idar ita ce ba a ramuwar gudu. Wanda ya wuce ya wuce. Mai cusa gudun Talata da na Laraba cikin Alhamis don ya cike takarda, gwiwarsa ce za ta biya. In ka rasa mako guda cur, koma kan makon da ka tsaya. In ka rasa uku, sauke burinka, ko ka koma rukunin kilomita 10.

In ke ce mai gudun

Duk abin da ke sama naki ne, da ƙari. Shawarar da masana gashin ƙashi da motsa gaɓoɓi na Birtaniya suka fitar a 2019 ita ce kada a koma gudu kafin mako 12 da haihuwa, don haka fita daga arba'in ba ya nufin jiki ya shirya. Fara da tafiya da atisayen matse tsokar mara. In fitsari na zubowa lokacin gudu, ko kina jin nauyi a ƙasan mara, tsaya ki ga likita, ba abin kunya ba ne kuma ana maganinsa. Wadda aka yi wa tiyata ta jira izinin likitanta. Ki shayar kafin ki fita, ki ƙara ci da sha, a kuma duba miki jini, don ƙarancinsa ya yawaita ga masu jego kuma yana kama da lalaci alhali ba shi ba ne.

Komawa na yiwuwa. Paula Radcliffe ta Ingila ta ci tseren New York a Nuwamban 2007, wata goma bayan ta haihu. Jasmin Paris, likitar dabbobi, ta ci tseren Spine na sama da kilomita 400 a tsaunukan Birtaniya a 2019, ta riga maza da mata isa, tana tatsar nono a wuraren hutawa saboda 'yarta. Sai dai kada waɗannan su zame miki ma'auni, su shekaru suka yi suna gudu kafin ciki. Abin da ya fi tsaya wa mace a nan shi ne wuri da idon jama'a. Nemi abokiyar gudu ko biyu, ku zaɓi harabar makaranta ko filin wasa, ki sami hijabin wasanni mara nauyi da dogon wando mai shan iska. Maigida kuma ya sani cewa in ya amince, amincewar na nufin shi ne da yara a wannan awar, ba ƙanwarki ba kullum.

Hunturu a nan, laima a can

Shirinka zai faɗa tsakiyar hunturu. Sanyin asuba na da daɗin gudu, amma ƙura ba ta da shi. Ranar da hazo ya rufe gari har ba ka hango ƙarshen layi, rage tsanani ko ka yi atisayen cikin gida, mai asma kuwa kada ya fita. Shafa man kaɗanya a leɓe, hanci da dunduniya, kuma ka sha ruwa ko ba ka ji ƙishi ba, don busasshiyar iska na shanye zufa kafin ka gan ta.

Legas akasin haka take: zafi da laima, zufa ta jiƙa ka amma ba ta bushewa balle ta sanyaya jiki. Wannan ne ke kayar da mutumin Jos ko Zariya da ya saba da sanyin asuba. Jiki kan ɗauki kwana 10 zuwa 14 kafin ya saba da zafi, don haka a makonni biyu ko uku na ƙarshe ka mayar da wasu sassarfa zuwa hantsi ko bayan la'asar, na minti 30 zuwa 40, da gorar ruwa a hannu. Ranar tseren ka fara a hankali fiye da yadda ka saba a gida.

Duba kalandar Musulunci ma. Azumi na matsowa da kwana 10 ko 11 duk shekara, a 2025 ya kama farkon Maris, ke nan a shekarun nan yana shigowa cikin Fabrairu da Janairu. In ya faɗo cikin shirinka, rage yawan gudu, ka yi sassarfar minti 30 dab da shan ruwa, mai wahalar kuma bayan tarawihi. Dogon gudu da rana da azumi a baki ganganci ne. In ranar tseren kanta ta faɗa cikin Ramadan, ni dai zan nemi wani tseren.

Makonni uku na ƙarshe

Bayan kilomita 32, sauka ake yi: mako na gaba dogon gudu ya koma 20, na bayansa 12, makon tsere kuma sassarfa biyu ko uku gajeru. Za ka ji ƙafafu na ƙaiƙayin ƙari, kada ka biye musu. Awannin da suka rage ka mayar wa gida. Takalmi kan yi kilomita 500 zuwa 800 kafin ya mutu, na gwanjo kuwa ba ka san nawa ya riga ya ci ba, don haka danna tafinsa ka duba ko ya lotsa. In za ka sauya, sauya saura wata guda, ka yi dogon gudu biyu da shi. Ranar tsere ba a gwada sabon takalmi, sabuwar safa ko sabon abinci.

Nemi hutun aiki tun watan Disamba, a rubuce: Alhamis da Juma'a kafin tseren, da Litinin bayansa. Ka isa Legas da kwana biyu a hannu don karɓar lambar ƙirji, ka kama masauki kusa da inda za a tashi saboda ana rufe hanyoyi tun da duhu. Kafin ka bar gida ka cika cefane, ka biya kuɗin mai kai yara makaranta, ka bar kuɗin asibiti ko da za a buƙata, ka kuma tabbatar akwai babban da zai kwana da su. Bayan ka dawo, mako biyu ba gudu mai ƙarfi, tafiya kawai da sassarfa in jiki ya so. Asabar huɗu masu zuwa na uwargida ne, ka sa su a kalandar nan da kuka zauna a kanta kafin ka buɗe shafin rajistar wani tseren.